Doki Na Uku Da Barazanar Cikin Gida

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Garkuwar Kwamfuta, unguwar Cacavéli, Lomé, Allah ya ƙara maka girma da wutar lantarki mai ɗorewa.

Bayan gaisuwa ta ladabi, ni ne Malam Abdulƙahhar, mai makarantar Islamiyya a Zongon Lomé, wanda kuka kulle wa kwamfuta ranar Litinin. A cikinta akwai sunayen ɗalibai talatin da bakwai masu saukar Alƙur'ani ranar Asabar. Ba a buga takardun shaidarsu ba, iyaye kuwa sun riga sun sayi raguna. Takardarku mai rarraba barazana sahu-sahu ta iso, 'yata Ummulkulsum ta karanta mini. Faransancina na kasuwar Adawlato ne, amma ya ishe ni.

Na ɗaya: a sahun farko na ji "cheval de trois", wato doki na uku. Ranka ya daɗe, yaushe na ɗaya da na biyu suka shiga? Ƙofar ofishina ko tunkiya sai ta karkace. Ummulkulsum ta ce ba uku ba ne, sunan wani gari ne. To dokin wani gari me ya kawo shi Zongo?

Na biyu: takardarku ta ambaci tsutsar kwamfuta. Na kwance bayan kwamfutar, na haska tocila, ko ɗaya ban gani ba.

Na uku: akuyar maƙwabcina Issifou ta cinye wayar caja har sau biyu, amma ba ta cikin kowane sahu. Ko tana da hanya a ofishinku ne?

Na huɗu, kuma shi ne ya ƙona mini rai: ni kuka rubuta da jan biro a sahun "barazanar cikin gida", wai don kalmar sirrina "Bismillah" ce kuma kowa ya san ta. Shekara talatin maƙoshina yana bushewa wajen koya wa unguwar nan wannan kalma, yau ku ce in ɓoye ta? Wallahi na ji kunya a gaban malamaina.

Duk da haka na bi umarni, na canza ta. Ina roƙon alfarmarka a buɗe mini kafin Juma'a. Sabuwar kalmar ita ce "Alhamdulillah", na rubuta ta a nan don kada in manta. Ina roƙon duk masu karanta wasiƙar nan su riƙe amana.

Naka mai biyayya har abada,
Malam Abdulƙahhar,
Barazanar Cikin Gida, Zongon Lomé.