Yadda Za Ka Gyara Injin Ban Ruwan Kawunka a Cikin Kwamfuta

Kai da ka je Damagaram ka yi formasiyo, ka koyo zanen kayan inji a kwamfuta, ka dawo Gure da jaka a kafaɗa, amma har yau 'yan unguwa sunan yanka suke kiranka da shi gatsal, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, kafin a cire albasar bana babu mai sake ambatonka bai sa "Injiniya" a gaba ba. Hanya ce da aka gwada. Ɗalibina Khalid ya bi ta daga farko har ƙarshe, da shi kuma zan riƙa yi maka misali, don yau ko a Kelle ka faɗi sunansa sai mutane sun ajiye abin da suke yi sun juyo.

Mataki na 1: Nemi injin mai ƙaunarka

Kada ka kuskura ka fara da injin baƙo. Baƙo yana da tambaya, yana da baki, wani ma yana da ƙane a jandarma. Nemi mutumin da ya riga ya cika baki da kai a gaban jama'a, don shi ko ya ga ana ɓarna kunya ba za ta bar shi ya yi ihu ba.

Khalid bai sha wahalar nema ba. Kawu Isiyaku, yayan mahaifiyarsa, shi ya riƙe shi tun yana yawo ba wando. Yana da lambun albasa a kwari, ta hanyar Gidigir, kuma da wannan albasar gidansa ke ci har shekara ta zagayo. Tun ranar da Khalid ya dawo, babu wanda Kawu bai tare a ƙofar masallaci ya gaya masa ba: "Ɗan ƙanwata fa inji yake ƙerawa a cikin gilashi."

Ana nan, wata safiya injin ban ruwan Kawu ya yi tari, ya yi shiru. Da aka buɗe murfinsa, sai ga wani ɗan ƙarfe mai kamar cokali, wanda ke danna bawul, ya karye biyu. Albasa kuwa ta fara yin kai, lokacin da ba ta yafe ƙishirwa. Kawu ya riƙe baki. Khalid ya ji wani daɗi ya ratsa shi, amma ya ɓata fuska yadda ya kamata. Kai ma ka koyi wannan fuskar.

Mataki na 2: Hana a sayo sabo

Nan ne masu rauni ke faɗuwa. Mai inji zai so ya bi hanyar kowa da kowa, wato ya aika a sayo wani. In ka bari aka yi haka, inji zai tashi, albasa za ta sha ruwa, kai kuma ka koma ɗan unguwa mai jaka.

Kawu har ya ƙulle guntayen ƙarfen a leda zai ba direban da ke zuwa Damagaram, Khalid ya sha gabansa.

"Haba Kawu! Ina gida ku aika a sayo na kasuwa? Ai irinsa ne ya karye. Ku ba ni shi in zana muku wanda ya fi na kamfani, a kai wa masu yankan ƙarfe su fitar da shi daidai. Jikokinku ma sai sun gaje shi."

"To albasar fa, ɗan nan?"

"Ai aikin ba ya ɗaukar lokaci."

Lura da kyau, bai ce yaushe ba. Injiniya ba ya faɗin rana.

Allah kuma ya taimaki Khalid da maƙwabci. Baba Abatcha, mai lambun da ke jikin na Kawu, abokinsa tun suna samari, ya ce kullum in ya gama ba nasa kabejin ruwa, a ja injinsa a ba albasa. Kawu ya yi ta godiya. Hankalin kowa ya kwanta, wanda shi ne yanayin da ilimi ya fi bunƙasa a cikinsa.

Mataki na 3: Zauna inda za a gan ka, ka yi ta juyawa

Kada ka yi zane a ɗaki. Wa zai gani? Ɗauki kwamfutarka ka shimfiɗa tabarma a gindin dabino, a bakin hanyar da masu lambu ke wucewa.

Aikin kansa ba wuya. Ka ja layi, ka lanƙwasa shi, ka ja shi sama ya yi kauri, ka huda rami a tsakiya. In manhajar ta fito da jan rubutu tana cewa awonka bai haɗu ba, rufe shi. Ra'ayinta ne.

Babban sirrin shi ne juyawa. Duk abin da ke juyawa a gilashi kama yake da abin da aka gama. Da ka hango mutum tafe, ɗora yatsa ka sa ƙarfen ya yi ta wulwulawa, sama da ƙasa, ciki da bai. Khalid ya ƙware a wannan har wani makiyayi ya tsaya kallo awakinsa suka shiga gonar mutane.

Abu biyu kuma za su shiga jininka. Na farko maɓallin koma-baya: duk ɓarnar da ka yi, ka danna shi, ta zama ba a yi ba. Na biyu ya fi daɗi. Akwai inda za ka taɓa, injin da aka zana ya tarwatse, kowane noti da kowace ƙusa su tsaya cak a iska, kowa a gefen raminsa. Ka sake taɓawa, su ruga su koma mazauninsu. Khalid ya yi wannan wasan har ya yarda a ransa cewa haka inji yake.

Mataki na 4: Auna lafiyayye

Za ka kai inda zane zai tsaya, don karyayyen ƙarfe ba ya ba da awo na gaskiya. Kada ka damu. Duba kusa da kai, akwai wani injin irinsa yana aiki.

Ranar kasuwa Kawu da Baba Abatcha suka tafi gari tare, aka bar Khalid da injin aro a bakin rijiya. Niyyarsa mai kyau ce, wallahi. Murfi kawai zai buɗe, ya ciro ɗan cokalin, ya auna, ya mayar. To amma da ya ciro shi sai ya ga ya kamata ya san a kan me yake zaune. Da ya ciro wannan, sai ya ga wani a ƙarƙashinsa. Mai neman ilimi ba ya tsayawa a rabin hanya. Kafin azahar injin Baba Abatcha ya zama kayan talla a kan buhu.

Sai ya danna wani sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan mai tsalle, don ya ga ƙarfinta. Ta nuna masa. Ta yi sama, ɗan makullin da ke riƙe ta, wanda bai fi ƙwayar wake ba, ya bi ta. Khalid ya ɗaga kai yana jiran su tsaya a iska.

Ba su tsaya ba. A Gure muke, ƙasa duk rairayi ce, abin da ya faɗa mata kuwa ya zama nata. Shi da kansa ya gaya mini cewa yatsansa sai da ya motsa yana neman maɓallin koma-baya a jikin buhu.

Mataki na 5: Sa iyali aiki

Injiniya shugaba ne, ba lebura ba. Aika gida a zo da rariya.

Inna Biba, matar Kawu, ta iso da rariyar tankaɗen garinta da 'yan matan gidan. Suka durƙusa suna tankaɗe kwari, Khalid yana tsaye yana nuna musu inda lissafi ya ce abin ya faɗa. Sun samu ƙwallon dabino, sun samu kashin awaki, sun samu wani ɗan kunne da ya ɓace tun auren fari na wata maƙwabciya.

"Khalid," in ji Inna Biba, tana share gumi da gefen zane, "abin nan da muke nema, in mun gan shi za mu gane shi?"

"Da wuya, Inna. Sai wanda ya yi karatun."

"To zo ka karɓi rariyar."

Bai karɓa ba, kai ma kada ka karɓa. A haka masu lambu suka dawo daga kasuwa suka same su. Baba Abatcha ya tsaya a kan buhun ya daɗe yana kallo, kamar mai neman fuskar ɗan'uwa a cikin taro. "Isiyaku," ya ce, "wannan injina ne?"

Mataki na 6: Yi Faransanci, ka kiyaye hannunka

In an matsa maka da tambaya, juya harshe. Ce matsalar ta toleransi ce. Ce manhajarka tsohon zubi ce, sabuwar tana Yamai. Duk kalmar da ta fi gaɓa uku tana saya maka yini guda. In ta ƙure, ce caji ya ƙare, ka hau kabu-kabu ka tafi gari.

An kira bakanike ya haɗa abin da zai haɗu, ya ce sauran sai an aika Damagaram. Damagaram ta ce sai Kano. Kafin nan lambu biyu babu inji ko ɗaya, sai aka koma guga da igiya irin ta kakanni.

Nan fa Kawu ya yi abin da ban koya wa kowa ba. Duk gugan da ya jawo, kabejin Baba Abatcha yake kai wa. Abokin ya hana shi, har da rantsuwa, Kawu ya ce, "Ɗana ne ya kashe maka inji. Bari in ji da kunyata." Sai ya gama da lambun maƙwabci, in akwai sauran ƙarfi, ya yayyafa wa albasarsa. Mutum ne da furfura ta cika masa gemu, sauran ƙarfin ba shi da yawa.

Kai dai kada ka taɓa igiyar guga. Tana sa fatar tafin hannu ta yi kanta, kanta kuma tana hana yatsa jin gilashi. Khalid ya bayyana wa Inna Biba wannan dalla-dalla. Daga ranar tuwonsa ya riƙa zuwa ba miya.

Mataki na 7: Gabatar da aikinka

Komai daɗewa zane zai kammala. Na Khalid ya fito tsaf, gefensa sumul, yana ƙyalli, har da sunansa a jiki da ƙananan haruffa. Gaskiya ban taɓa ganin ɗan cokalin bawul mai kyansa ba.

Ya iske Kawu zaune a bakin fangalin albasa. Injin Baba Abatcha yana ta ruri a can gefe, kayansa sun iso, kabeji ya tsira. Albasa kuwa ganyenta ya kwanta ya zama kara. Kawu ya tono guda yana murzawa a hannu, ba ta fi goro ba, ta yi laushi.

Khalid ya durƙusa, ya buɗe kwamfuta, ya sa ƙarfen ya juya. "Kawu, an gama."

Kawu ya kalla har ya gama zagayensa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

"Ya yi kyau, Injiniya," ya ce. "Na ce, a cikin abin nan naka, ana iya zana albasa?"

"Ƙwarai kuwa, Kawu. Ai ta fi ƙarfe sauƙi."

"To zana mana ta shekara guda. Ka kai wa innarka ta zuba a rumbu."

Ga inda ake gane ɗalibi na gari. Khalid ya gyara zama, ya buɗe sabon shafi, ya ɗora yatsa.

"Ja ko fara, Kawu?"

Kawu ya dube shi, irin duban da yake yi masa yana ƙarami in zazzaɓi ya kama shi. Ya ajiye 'yar albasar a kan kwamfutar a hankali, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kama hanyar gida bai waiwayo ba.

Sanarwa

Na cika alkawarina. Yau duk Gure Injiniya ake kiran Khalid, har waɗanda ba su san shi ba, kuma da ya doso ana jan injuna ana shigarwa ɗaki.

Abin da ya wuce wannan babu hannuna a ciki. Ban san kawunka ba, ban ga lambunsa ba, ban ce ka kwance injin kowa ba, in ma na ce ba da kai nake ba. Duk sifirin da ya tashi sama, tsakaninka da shi ne. In an ci tuwo ba miya a gidanku, ko an sayar da tunkiya don a kai damina, kada a aiko mini da kowa. In kuma ka yi sallama a zaure, tsohon da ya rene ka ya amsa a ciki-ciki, ya matsa maka wuri a tabarma amma ya kasa ɗaga ido ya dube ka, to wannan ba a manhaja yake ba, ban kuma san inda ake dannawa ya koma yadda yake ba.