Wayar da Ta Tsaya a Silin

Wani ne yake aiki a wata ma'aikata a Garki. Aikinsa duba takardu da zanen da 'yan kwangila ke kawowa kafin su ja wayoyin tarho da na intanet a gini. In ya ga kuskure, ya zabga masa jan biro. To shi gogan, tun da surukinsa ya cusa shi wurin bai taɓa ganin kuskure ba. Biron har ya bushe a aljihu.

Rannan Darakta, Hajiya Nabilah, ta kira shi.

"Malam, Thaddeus abokin aikinka kullum sai ya kamo kuskure. Kai fa?"

"Ranki ya daɗe, nawa 'yan kwangilar masu tsoron Allah ne."

"Haka ne? To ga zanen sabon ofishinmu. Ka kamo mini kuskure ko ɗaya ne. In ba haka ba, sitonmu na Paikon Kore zan tura ka, ka je ka yi gadin karyayyun kujeru."

Mutumin da ya saba da sanyin esi, ina shi ina Paikon Kore?

Ya baje zane. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu, har ya shinshina. Can sai ya hango wani ɗan naɗi a ƙarshen kowace waya. Ya daka tsalle, ya sa aka kira ɗan kwangilar, Obadiah.

"Obadiah, wannan abin kamar gammo fa?"

"Oga, wannan rara ne. Muna naɗe shi cikin silin. In tebur ya zo, sai mu sauke shi ƙasa."

"Rara! Da bakinka ka faɗa! Rarar gwamnati kake naɗewa a silin?"

Ya ɗora rula a kan takarda. "Ga ɗakin na'ura. Ga teburin Hajiya. Nan layi ya ƙare, nan waya za ta ƙare."

"Oga, sorry fa, wannan drawing daga sama ake kallon shi. Tsayin ɗaki ba ya nuna a ciki."

"Ni za ka koya wa kallo? Daga sama ko daga ƙasa, rula ba ta ƙarya."

Obadiah ya tuna yadda 'yan gwangwan ke rububin jan ƙarfen da ke cikin waya. Sai ya yi murmushi ya ce, "Oga zai sa hannu?"

Gogan ya lashi bakin biro, ya girgiza shi, ya rattaba hannu. Har hatimi ya buga, don kada wani ya ƙwace masa yabon.

Bai tsaya nan ba. Da kansa ya je ginin, ya hau tsani, ya cusa kai a silin yana ta ihu.

"Yanke! Wancan ma yana lilo, ƙara yankewa!"

Sai da kowace waya ta miƙe ɗam kamar igiyar shanya. Obadiah ya loda guntayen a a-kori-kura, ya nufi Kurudu yana fito. Shi kuwa gogan ya koma ofis yana taƙama. Ya dafa kafaɗar Thaddeus ya ce, "Ƙanena, in wani zane ya gagare ka, kawo mini."

Ranar buɗe ofis ta zo. An kawo tebura, an jera kwamfutoci, manyan baƙi sun cika ɗaki, masu hoto sun saita kamara. Hajiya ce za ta buga waya ta farko daga teburinta. Ta zauna, ta miƙa hannu. Ba tarho.

"Obadiah, ina wayata?"

Obadiah ya nuna sama.

Kowa ya ɗaga kai. Ga tarho can yana reto a jikin silin kamar jemage, daidai saitin teburinta, ko kaucewa bai yi ba. Haka na kowane tebur. A lungu kuma Thaddeus ne tsugune a saman tsani, kwamfuta a cinya, yana neman intanet.

Sai tarhon ya fara ƙara.

Wani baƙo ya ce, "Hajiya, ana kira."

Gogan ya rugo, ya ɗora kujera a kan tebur, ya kaɗe ta da hularsa.

"Bismillah, ranki ya daɗe. Zan riƙe miki."

Hajiya ta dubi kujera, ta dubi baƙi, ta dube shi.

"Wa ya sa aka yanke wayoyin nan?"

Obadiah ya ce, "Madam, akwai hannu, akwai stam."

Hajiya ta juya ga gogan. "Malam, kafin motar Paikon Kore ta iso, kana da abin cewa?"

Gogan ya kalli sama, ya kalli ƙasa. Sai fuskarsa ta washe, ya zaro jan biro.

"Ranki ya daɗe, albishirinki, na kamo kuskure na biyu! Waya daidai take. Daɓen ne suka yi shi ƙasa da yawa."