Kaka Ta Raba Auren Kifi

"Lafiya lau na wuni, mijin da bai iya cefane ba sai na kifi," in ji Kaka daga kan kujerarta.

Jikan nata ko takalmin aiki bai cire ba ya nufi akwatin gilashin da ke kusurwar falo. Wata shida ke nan yana lallaɓa kifaye biyu a ciki, mace da namiji, 'yan mitsi-mitsi masu kwana a bawon katantanwa, amma ga cin nama kamar kura. Kwana goma da suka wuce macen ta yi ƙwai a bawonta, kullum yana jiran ƙyanƙyasa. Yau ba bawo, ba mace. Ya juyo wajen Kaka.

"Tsohuwa, ina matar kifina?"

"Na raba auren."

"Kin raba me?"

"Ina zaune, ɗan banzan nan mai baki irin naka ya dinga kwaso yashi yana binne mata ɗaki, tana ciki! A gabana za a binne mace da ranta?"

"Gyaran gida yake yi! Haka suke kafa bawon don kada ya mirgina. Idonki ne ya tsufa har ya koyi ƙarya."

"Idon da ya ga ubanka ba wando? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Babban da ke cigiyar tabarau alhali yana goshinsa? Tana ina? Wallahi in kin wanke bawon nan da sabulu, yau zan sayar da haƙoranki na roba."

"Kada ka yi asara, ai kai za ka gaje su."

Ta nuna ƙarƙashin tebur da sandarta. "Ga ta can a bokiti. Ruwan gidansu na ɗebo mata, ni ba sakarya ba ce."

Ya durƙusa ya leƙa bokitin. Macen na tsaye a bakin bawo tana harararsa. A bayanta wasu 'ya'yan kifi, ɗigo-ɗigo masu ido, suna ta wutsil-wutsil. Ya ƙirga goma sha ɗaya, sannan ya waiwayi namijin da ke sintiri a gilashi. Ya san halinsa sarai, da a gabansa suka fito da tuni ya yi kalaci da rabinsu. Daɗi ya kama shi, ya zube a ƙasa yana dariya.

"Ungozoma, na sallama! Zaɓi ɗaya, kyauta."

"Ɗauko mini wanda ya fi muni," in ji Kaka, "in sa masa sunanka."