Sarkin Bita da Keke Mai Taya Ɗaya

In dai ana maganar taron bita, to a duk Gusau babu na biyun Malam Hambali. Shekara ashirin da biyu yana sashen horar da ma'aikata a wata ma'aikata, kuma babu otal mai ɗakin taro tsakanin Sakkwato da Abuja da bai sha shayinsa ba. Abokan aikinsa Sarkin Bita suke ce masa, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Bangon falonsa ba a ganin fenti, takardun shaida ne jere cikin gilasai: ta bitar kwamfuta, ta bitar kashe gobara, ta bitar kiwon kifi a zamanance. Matarsa Malama Kuluwa, mai koyar da 'yan aji ɗaya a firamare, ita ke goge su duk Asabar, don haka ta fi kowa sanin abin da ke rubuce a jikinsu. Ta kuma san har yau ita ke buɗe masa kwamfutar, kuma ranar da risho ya kama da wuta a kicin, mai takardar kashe gobara shi ya fara kaiwa bakin titi, ko takalmi babu.

Wata rana ya dawo daga wata bita da wani abu a kafaɗa. Taya ce guda ɗaya, da feda biyu, da sirdi a bisa. Babu abin riƙewa, babu birki, babu kariya. Wai wani masani ne ya haska hotonsa a majigi ya ce shugabanci kamar hawansa yake, sai kuma ga shi ya ci karo da irinsa a wajen 'yan gwanjo.

Ɗan'azumi mai faci da ke bakin layi ya bi shi da kallo.

"Yallaɓai, barka da dawowa. Sauran rabin yana tasha ne, a je a ɗauko?"

"Jahilci ciwo ne, Ɗan'azumi. Haka aka ƙera shi."

"To, Allah ya ba maƙerin lafiya."

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma a taron iyaye da malamai na makarantar su Nazifi, ɗansu mai shekara tara, sai Malam Hambali ya miƙe ya sanar cewa ranar bikin raba kyaututtuka, nan da mako uku, ɗansa zai zagaye fili a kan keke mai taya ɗaya. Hedimasta ya rubuta a jadawalin biki. Washegari Nazifi ya dawo gida ido jajir, tuni 'yan ajinsu sun fara kiransa Rabin Keke. Yaron da ko malami ya kira sunansa muryarsa rawa take yi! Kuluwa ta daɗe a makaranta, ta san sunan tsokana ya fi ƙaya wuyar fita. Ta san dattawa masu furfura da har yau ake kiransu da sunan da aka laƙaba musu a aji uku. In yaron nan ya faɗi a gaban makaranta, shi da Rabin Keke sai kabari.

Malam Hambali ya buɗe bita a falo. Ya kafa farin allo, ya rubuta Matakai Bakwai. Ya liƙa wa Nazifi takarda mai sunansa a ƙirji, kamar a gidan akwai wanda bai san shi ba. Ya ajiye rajistar mahalarta, kullum sai yaro ya sa hannu. Akwai addu'ar buɗewa, akwai jawabin maraba, akwai hutun shayi, wanda malamin kaɗai ke sha. Keken kuwa ya kulle shi a sito.

Rana ta uku Kuluwa tana tsintar shinkafa ta ji yana cewa, "Yanzu mahalarta za su kasu gida biyu su tattauna." Ta leƙa. Nazifi ya duba hagu, ya duba dama, ya duba uwarsa.

Ta yi haƙuri har rana ta shida, sannan ta ce, "Abban Nazifi, yaushe zai hau?"

"Malama, ke ƙananan yara kike koyarwa, wannan fanni ne na ƙwararru. Ba a taɓa kayan aiki sai Mataki na Biyar."

"Kuna na nawa?"

"Muna gab da kammala gabatarwa."

"Kai ka taɓa hawansa?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Likitan da ke karɓar haihuwa ya taɓa haihuwa ne?"

Kuluwa dai ta tuna cewa makullin sito biyu ne, kuma ɗaya yana cikin jakarta.

Ita ma ba ta taɓa hawan keke ba, mai taya ɗaya ko mai biyu. Amma ta yi wa 'ya'ya uku tata har suka taka da ƙafarsu, ta kama hannun yara fiye da dubu suka ja harafin farko. Ta san mai koyo abu biyu yake so: abin kamawa, da wanda ba zai yi masa dariya ba. Sai ta buɗe sito ta fito da keken, ta kwashe shanya, ta ninka igiyar biyu, ta ɗaure ta tamau tun daga turken tsakar gida har ƙarfen tagar kicin. Kullum bayan an taso makaranta, kafin maigida ya dawo ofis, Nazifi ya hau, hannu ɗaya a igiya, ɗaya a kafaɗarta.

"Kada ka kalli ƙasa, ba ta gudu. Kalli tulun can. Taka. Taka kuma."

Ya faɗi. Ya tashi. Ya faɗi a kan kwandon albasa. Ya sake tashi. Kwana huɗu ya saki kafaɗarta, ya rage igiya. Kwana tara yana taɓa igiyar da yatsa biyu kawai, kamar mai gudun ta ƙona shi.

Da uban ya ga ƙujewa a gwiwarsa, sai ya girgiza kai.

"Ka gani ko? Ƙwallo ce ta yi maka haka, tun ba ka hau ba ke nan. Ina ga an bar ka ka hau babu ilimi?"

Nazifi ya ce, "Haka ne, Baba," ya sa hannu a rajista.

Ana gobe biki aka kai Mataki na Huɗu, mai taken Dogaro da Kai. Malam Hambali ya ce lokaci ya ƙure, sauran ukun mahalarta su karanta a gida.

Ranar biki fili ya cika. Iyaye a rumfa, yara a rana, har Ɗan'azumi ya rufe wajen facinsa ya zo da famfo a hamata, wai ko za a nemi agaji. Aka kira Nazifi. Kuluwa ta raka shi tsakiyar fili, ta ba shi kafaɗa ya hau, ta ce masa a kunne, "Kalli tutar can, ita ce tulu." Ta janye.

Keken ya yi baya kaɗan, ya yi gaba, zuciyarta ta bi shi. Sai yaro ya miƙe sambal, hannuwa a buɗe, ya zagaye fili sau ɗaya, ya ƙara na biyu da ba a sa shi ba. Yaran da ke ce masa Rabin Keke su ne suka bi shi a guje suna "Nazifi! Nazifi!" Kuluwa ta koma kujerarta, ta goge ido da gefen mayafi.

Kafin ta ɗago, mijinta ya karɓe lasifika daga hannun hedimasta.

"Jama'a, abin da kuka gani ba sihiri ba ne, tsari ne. Matakai Bakwai na Hambali. Yaron nan bai taɓa hawan keken nan ba sai yau. Ilimi ne zalla!"

Daga bayan rumfa Ɗan'azumi ya ɗaga murya. "Ashe ɗalibi ma ke nan! Yallaɓai, ina ga malamin? A ɗan gwada mana!"

Yara suka ɗauka: "Malamin! Malamin!"

Mai hankali da dariya zai yi ya zauna. Malam Hambali ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa. Nazifi ya matso da sauri ya ce, "Baba, kama kafaɗata."

"Mataki na Huɗu, yaro. Dogaro da Kai."

Ya ɗora ƙafa ɗaya a feda. Ta biyun ba ta samu zuwa ba. Keken ya fice ta ƙarƙashinsa ya nufi rumfar manyan baƙi shi kaɗai, babbar riga ta rufe masa kai, ƙasa ta amsa tim. Hularsa ta gangara ta yi tafiyar da ta fi ta mai ita nisa. Ɗan'azumi ya iso da famfo yana tambaya, "Wanne za a fara buga wa iska?"

Da la'asar yana kwance rub da ciki a falo, ƙarƙashin gilasansa, Kuluwa tana gasa masa ƙugu da ruwan zafi. Daga tsakar gida ana jin Nazifi yana koya wa yaran maƙwabta, yana ce musu su kalli tulu.

"Filin nan a karkace yake," in ji Malam Hambali.

"Uhm."

"Kuma iskar tayar ta yi yawa. A hankali mana, Malama!"

"Sannu."

Ya juyo da kai. "Amma ki faɗi tsakaninki da Allah. Mutane sun ga na hau, ko? Ko yaya ne dai, ai za a ce na yi."

Ta matse tsumma, ta ɗaga kai ta dubi bangon tun daga wannan kusurwa har waccan.

"Kwantar da hankalinka, Abban Nazifi. Gobe zan sa a buga maka takarda a rataya kusa da 'yan'uwanta. Ai su ma duk na halarta ne."