Cingam a Kujerar Likita

"Lafiya lau, Farfesa. Ya gajiyar zama a kan kujera?" in ji Kaka. Ƙafafunsa kaɗai ake gani, sauran jikinsa na cikin motar wani likita.

"Da sauƙi, Tsoho. Ya gajiyar ɓata wa mutane fenti?"

Kwana uku jikarsa ta yi a baje kolin kayan wankin mota, daga wannan lacca sai waccan, ta dawo da jaka cike da takardu da wani kati rataye a wuya. Kafin ta tafi sun yi alkawari a gaban direbobi: in ta zo da abu ɗaya tak da bai sani ba a sana'ar nan, zai miƙa mata makullin wurin wankin. In ba ta zo da shi ba, ta daina yi masa zancen sauyi har abada. Shekara shida tana wanki a ƙarƙashinsa, ko bokiti ba ta isa ta matsar ba sai da izininsa. Makullin nan take so, amma tsohon nan bai taɓa yarda wani ya fi shi sanin komai ba.

Kaka ya fito yana share zufa. "To zazzage mana ilimin. Me suka ce?"

Ta buɗe takarda. "A fara wanki daga sama zuwa ƙasa."

"Ikon Allah! Mu da muke kifa motar mu fara da tayoyi."

"Kada a wanke mota a rana."

"Wa ya kafa rumfar da kike tsaye a ciki? Mai laccar?"

"Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraya."

"Bakwai gare ni. Ki ce su zo su ɗauki darasi, su taho da kujerunsu."

"Bakwai ɗin duk yoyo suke, kamar bakinka in kana barci."

"Ni kike gaya wa? Ni da na wanke motar da ta kawo kakarki gidana, har yau in ta wuce sai mutane sun rufe ido saboda sheƙi!"

"Wadda kaji ke ƙwai a cikinta a bayan gida? Ina take wucewa?"

"Kajin ma tsabta suka bi."

"Mun ga injin da ke wanke mota hamsin a awa ɗaya."

"Yana gaida direba? Yana tambayarsa ya mai jiki?"

"A'a. Ba ya kuma ba shi labari ɗaya sau tara har ya yi gyangyaɗi."

Ta juya shafi, sai ta tarar takardun sun ƙare. A nan ne ta lura da wuƙar da yake ɓoyewa a bayansa. Ta leƙa cikin motar. Wani ƙaton cingam ne manne a kujerar direba, Kaka ya yi ta kankare shi tun safe, sai ƙara bajewa yake, ga likita zai dawo ƙarfe goma sha biyu.

"Wannan fa, Shugaban Bokitai?"

"Magana muke yi da shi. Ya kusa tuba."

Ta tsallaka shagon mai lemo ta karɓo dunƙulen ƙanƙara, ta danna a kan cingam ɗin.

"Kin ji wa kujera ciwo ne kike gasa mata?"

"Yi shiru, ana aikin ilimi."

Can cingam ya daskare. Ta sa farce ta ɓamɓare shi gaba ɗaya, ko tabo bai bari ba, ta ɗora masa a tafin hannu. Kaka ya juya shi, ya shinshina, ya shafa kujerar.

"Kwana uku, don ki gano ƙanƙara na da sanyi," ya ce a hankali.

"Ka san wannan ko ba ka sani ba?"

"Na... kusa sani." Ya yi gyaran murya. "Wane babban farfesan ne ya koya muku?"

Ta so ta yi ƙarya, amma dariya ta riga ta. "Matar da ke share zauren ce. Na gan ta tana cire shi daga kujera lokacin da muka fita shan shayi."

Kaka ya yi dariya har da tari, sai da ya dafa motar. Sannan ya lalubi aljihu ya zaro makullin, ya ɗaura shi da kansa a igiyar katin da ke wuyanta.

"Ga shi, igiyar ma ta samu aikin yi. Baɗi ni zan je taron."

"Kai? Laccar wa za ka shiga?"

"Wace lacca? Tsintsiya zan riƙe wa mai sharar nan."