Tsohon Injin Habsu

"...da gajiya? Ina Gwaggo, ƙafar tata da sauƙi?"

"Da sauƙi. Ta ce in gaishe ki, in kuma tambaya ko har yanzu kina zuba gishiri a shayi."

"Gwaggo ba ta faɗi haka ba. Shigo, bawan gidanmu. Tun ƙarfe takwas nake kiranka."

Habsu ce ke riƙe da rajistar yara masu tamowa a wata ƙaramar cibiya da ke gefen garin Gure. Fadilu kuwa malamin lissafi ne a kwaleji, ɗan ƙanwar babanta, wato taubashinta. Tun suna ƙanana ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun yi wa juna tsiya ba.

Ranar dai Habsu ba ta kira shi don wasa ba. Motar da za ta je Damagaram ɗauko abincin yaran na wata guda za ta tashi bayan azahar, kuma a can ba a ba da kaya sai an ga jerin sunaye da awon kowane yaro. Jerin yana cikin tsohon ordinatar ofis, wato kwamfuta, wanda ramukansa na saka kile, 'yar na'urar kwafe bayanai, duk sun mutu, ga shi kwana biyun nan yana kashe kansa in ya yi zafi. An kawo mata sabo, ƙarami. Abin da ya rage kawai a haɗa su da waya, a kwashe dosiye huɗu na sunayen yara daga tsohon zuwa sabon: na cikin gari, na Gidigir, na Kelle, da na Alakos.

Fadilu ya ajiye jakarsa, ya zagaya tsohon injin yana kallo.

"Habsu, wannan sa'an Kawu ne ko yayansa?"

"Ka bar ubana a nan. Wannan injin ya fi ka aiki, ya kuma fi ka kunya."

"To ki ɗauki hoton sunayen da salula mana, ki huta."

"Yara ɗari huɗu da goma sha biyu? Kuma sun ce dosiyen kansa suke so, don injinsu ne ke lissafa buhuna. Da abin hoto ne, ina ni ina kiran ɗan mace?"

Ya durƙusa bayan tebur. "Kin ce kin haɗa su?"

"Tun jiya. Sabon ya ce bai ga kowa a rezo ba, wato a layin da ke tsakaninsu."

"Yaya zai gani? 'Yar fitilar nan ta bakin waya ba ta ko ƙyaftawa." Ya jawo wayar, sai ga tsakiyarta ɗaure da ƙyallen atamfa. "Mene ne wannan?"

"Ɓera ne ya ci wajen, na ɗaure."

"Kin ɗaure! Kin ba ta sirop ɗin magani ma? Kin auna damtsenta?"

"Da kai ne ɓeran ya ciza, da ko ƙyallen ba zan ɓata ba."

Ya ciro wata waya daga jakarsa ya sauya. 'Yar fitilar ta kama, kore shar. Habsu ta matso da sauri, ta danna sabon injin, ta jira. Babu komai. Ta sake dannawa. Babu.

"Ga shi nan," ta ce. "Malamin da yara ke barci a ajinsa."

"Bi a hankali. Kowane inji yana da adireshinsa a rezo, kamar lambar gida. Naki tsohon yana zaune a wata unguwa, sabon yana wata. Dole in mayar da su layi ɗaya." Ya rubuta lambobi a nan, ya koma ya rubuta a can, ya bambanta na ƙarshe kawai. "Shi ya sa ake tura yaro lakkol. Ke lokacin da muke koyon lissafi, kina bayan aji kina cin ɗanwaken mutane."

"Ɗanwakenka na ci, kuma haƙƙina ne. Abin bawa ai na uwargijiyarsa ne."

Ta dubi agogon bango. Sha ɗaya da rabi. A waje, ƙarƙashin rumfa, mata sun fara taruwa da yara a goye, ana jin kukan wani siriri, irin na yaron da ba shi da ƙarfin yin kukan sosai. Habsu ta tura taga ta rufe.

"Har yanzu bai gan shi ba, Fadilu."

"Na gani. Sabon ne ke jin tsoro. Ya ɗauka a tasha yake cikin baƙi, ya kulle ƙofarsa. Bari in gaya masa gida yake." Ya shiga nan, ya fita can, ya buɗe wajen raba dosiye. "Halinku ɗaya. Ranar da na zo gidanki da azumi, ta taga kika amsa sallama."

"Don na san da kwano ka zo."

Sai ga sunan tsohon injin ya fito a fuskar sabon. Habsu ta dafe ƙirji. "Alhamdu lillahi! Danna, danna!"

Ya danna. Wani ɗan akwati ya buɗe yana neman suna da lambar sirri.

"To, uwargijiya, bismilla. Kod."

"Wane kod? Ni in na kunna shi, shiga yake kai tsaye."

"Daga gabansa ke nan. Mai zuwa ta waya sai ya faɗi kod. Wa ya shirya injin tun farko?"

Habsu ta ja da baya. Ta zauna a bakin benci.

"Burahima ne."

Fadilu ya cire hannunsa daga injin. Ya san Burahima. Shi ne ya riƙe rajistar kafin Habsu, shi ya koya mata aikin, ya rasu da daminar bana bayan zazzaɓin kwana uku.

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Suka gwada sunansa. Suka gwada sunan matarsa Zaliha, da shekarar da aka haife shi, da lambar babur ɗinsa. Habsu ta kira Zaliha a waya, matar ta ce wallahi ba ta taɓa sani ba. Suka zazzage durowa, suka duba bayan kalanda. Duk abin da suka rubuta, akwatin ya dawo musu da shi.

"Shi ke nan," Habsu ta ce a hankali. "Watan jiya da kaya suka yi jinkirin kwana tara, yara biyu muka rasa a Kelle. Kwana tara kawai. Yanzu wata guda za a ce."

Fadilu ya dube ta. Bai saba ganinta haka ba, kuma abin bai yi masa daɗi ba.

"Ke, tashi. Ɗiyar Kawu ba ta kuka a gabana, sai in rasa wanda zan zaga. In baƙo ba zai shiga gidan tsoho ba, ai tsoho yana iya fita ya kai kaya gidan baƙo."

"Yi mini Hausa."

"Zan buɗe dosiye a sabon, wanda mu muka san kod ɗinsa. Sai mu zauna gaban tsohon mu tura."

Ya yi hakan. Tsohon ya yi ta nazari kamar ba zai amsa ba, can sai ga sabon ya bayyana. Fadilu ya ja dosiye huɗun ya saka. Wani koren layi ya fara tafiya, sannu sannu.

"Ashe kan nan naka ba na ɗaukar hula kaɗai ba ne."

"Ki adana yabonki. Taɓa nan ki ji." Gefen injin ya yi zafi kamar murfin tukunya. "Farfelarsa ta mutu. Ɗauko mafici."

Ta ɗauko mafici ta durƙusa tana yi wa injin fifita da hannu biyu.

"Wayyo, ina mai hoto!" in ji Fadilu. "Yau ga ɗiyar namiji a durƙushe tana fifita, ɗan mace yana kan kujera. A gaya wa dangi duka."

"Injin nake yi wa, ba kai ba. Kai ko wuta ka kama, sai na gama shan ruwa."

Na cikin gari ya wuce. Na Gidigir ya wuce. Aka kira sallar azahar, ba wanda ya motsa. Direba ya leƙo ya ce shi fa in ya sallame zai kama hanya, ba ya son dare ya same shi. Na Kelle ya wuce. Habsu ta sauya hannu, gumi yana ɗiga daga haɓarta.

Na Alakos ya fara. Sai wani sauti ya taso daga cikin injin: ƙas, ƙas, ƙas. Koren layin ya tsaya.

"Fadilu, mene ne wannan?"

Fadilu ya kara kunne a jikin injin. Fuskar injin ta yi baƙi.

Suka jira ya huce. Ya kunna, ƙas ƙas ƙas, ya mutu. Ya kwance murfin, ya hura, ya sake kunnawa. Haka dai. A karo na huɗu ya ajiye sukurdireba a kan tebur.

"Faifan da ke riƙe da komai ne ya tafi. Ko Damagaram aka kai shi, ban ce za a samu ba."

Habsu tana nan durƙushe da mafici a hannu. "Yara tamanin da bakwai ne a Alakos. Su suka fi kowa nisa. Wata uwar kwana take a hanya kafin ta iso wajen rabo. In ce mata me? In ce inji ya mutu?"

Direba ya yi oda a waje. Fadilu ya kwafe dosiye ukun a kile, ya fita da kansa ya miƙa masa. Sun ɗan jima suna magana. Da ya dawo, ya tarar ta buɗe kabad ta fito da tsofaffin rajistocin takarda, waɗanda ake cikawa a ƙauye kafin a shigar a inji. Gara ta ci gefen wasu, ruwa ya taɓa wasu.

"Ya ce sai gobe da hantsi za a yi lodi," in ji Fadilu. "In kin tura na Alakos ta salula kafin nan, zai roƙa a haɗa. Bai yi alkawari ba."

"Ba duka ke nan ba. Littafi biyu suna can wajen ma'aikatanmu a daji, inda ko rezon waya babu." Ta shafa shafin da gara ta cinye rabinsa. "In mun yi sa'a mu sami hamsin."

"To hamsin ɗin."

"Ba ka da aji da yamma?"

"Ke kika ce barci suke yi. Yau su yi shi a gida."

Ya je ya yi alwala, ya yi sallarsa a gefen ofis, ita ma ta yi. Sannan ya jawo benci kusa da ita, ya ɗauki littafin farko ya ɗora a gwiwa, ya gyara tabarau.

"Ni zan karanta, ke ki buga. Amma ki sani, wannan rubutun naki ko kaza ta taka tawada ta fi shi."

"Rubutun Burahima ne wannan."

Fadilu ya sake duban shafin. Ya yi gyaran murya.

"To, na ci ƙasa. Rubutu ne mai kyau, idona ne ya lalace. Yau kam na yarda, ni bawa ne, ɗan baiwa in ba don Gwaggonki ce ba. Ba da umarni."

Dariya ta kuɓuce wa Habsu, hawaye na zuba a kumatunta. Ta share da bakin mayafi, ta ɗora yatsu a kan sabon injin.

"Karanta, bawa. Suna, ƙauye, awon damtse. Kada ka tsallake ko ɗaya."