Rasuwar Hular Kwano Mai Kifi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai gama hucewa ba, ni Trinh Van Khoat, mai saye da gyaran tsofaffin hulunan soja a bayan kasuwar Dong Ha, nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar hular kwanon ƙanena Toai. Ta rasu gab da sabuwar shekara, a shagona, a hannun surukina. Ba ta yi jinya ba. Gyara ne ya kashe ta.

Ba a san shekarunta ba. Ta dai girmi surukin nawa, ta kuma fi shi hankali.

Toai ya tafi yaƙi bai dawo ba. Ba gawa, ba hoto. Bai iya rubuta sunansa ba, don haka kifi yake zanawa da ƙusa a jikin duk abin da yake nasa. Saboda shi na shiga wannan sana'a. Duk hular da 'yan gwangwan suka kawo sai na juya ta na duba cikinta. Na yi furfura ina juyawa. Marigayiya a wani ƙauye na same ta, ana ba agwagi ruwa da ita. Ta lotsa ta gefen hagu. A cikinta, ƙarƙashin tsatsa, ga kifi.

Luu mai shayi ta leƙa ta ce, "Tsoho, wannan kifi ne ko ganyen gora?" Mahaifiyarmu ta shafa zanen da yatsa ta ce, "Ka dawo, ja'iri? Ka daɗe." Magana ta ƙare. Tun ranar hular take kan teburin kakanni, inda muke tunawa da mamatanmu, kusa da kaskon turare.

Mai haƙuri ce. Ba ta taɓa neman fenti ba. Ba ta tsoma baki a maganar manya. Sabuwar hula in ka ƙwanƙwasa ta ƙau take cewa, ta yi ta amo kamar mai neman a san da ita. Ita kuwa, saboda lotsawar, kwam kawai take cewa ta yi shiru. Kullum da safe nakan ƙwanƙwasa mata. Ta ce kwam. Mun gaisa ke nan.

Ga yadda ajali ya zo. Kamar kowace shekara, an sauko da kayan ƙarfen teburin kakanni don a goge. Gwiwa ta hana ni tsugunno. Dien, mijin 'yata Nhan, wanda nake koya wa sana'a, ya ce, "Baba, ka huta, ka bar mini." Na tafi aski. Ya goge kaskon turare. Ya goge mazaunin kyandir. Da ya tsaya nan, da yau ba na rubutu. Ya ɗauki guduma ya miƙar da lotsawar. Ya kankare tsatsa ciki da waje har ƙarfe ya yi fari. Ya fesa koren fenti, ya sa sabon maɗauri, ya jera ta cikin sauran hulunan da muka gama. Nhan ta zo ta kwashe su duka ta shanya a rana.

Na dawo ya tarye ni yana washe baki. "Baba, zo ka ga aiki! Na rantse ko kai ba za ka gane ta ba."

Gaskiya ya faɗa. Na ce ya nuna mini ita. Ya nuna ɗaya, ya nuna wata, ya sosa ƙeya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa. Ƙau. Ƙau. Ƙau. Na juya kowacce. Ciki sumul. Aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Hannun da na horar ba ya barin tabo.

Ta rasu ta bar ni. Ta bar hoton mahaifiyarmu, wadda ta riga ta tafiya lahira, hoton da yanzu yake kallona daga kan teburin ba ƙiftawa. Ta bar tsakar da ke kwana a ƙarƙashinta, da sawun da ita kanta ta yi a jikin katakon teburin. Ta bar Dien, wanda yake raye har yanzu albarkacin 'yata.

Ba za a yi binnewa ba, tunda ba a san wadda za a binne ba. Hulunan wannan jeri an fasa sayar da su. Mutumin garin Hue da ya yi odarsu don baƙi masu ɗaukar hoto ya nemi wani shago. Dien zai ƙara wa teburin kakanni tsawo, da katakonsa, a tsugunne. Rana ta uku ga sabuwar shekara, da hantsi, za a hau da su kan teburin gaba ɗaya. Akwai shinkafa da kifi da shayi. Luu tana iya zuwa, amma ta bar bakinta a gida. Kada kowa ya gaya mini cewa ai hular tana nan, ta ma fi da kyau.

Zan kunna wa kowacce turare. Ɗaya ta Toai ce. Sauran ma ba daga sama suka faɗo ba. Kowacce akwai kan da ya sa ta, akwai kuma uwar da ta jira.